Abin da ke Ɓoye Cikin Saiwa

Darasinmu na wannan wata a kan saiwa ne. Kowa ya san saiwa ita ke riƙe itace kada iska ta ka da shi, ita ce kuma ke tsotso masa ruwa daga ƙasa. Amma aikinta ya wuce nan. Mai tonon saiwoyi ya san wata tana da zaƙi, wata ɗaci, wata ƙanshi, wata kuwa ta kan rina hannu. Abubuwan da ke kawo zaƙin nan da ɗacin da ƙanshin da launin su ne masu ilmi ke kira sinadarai. Tsiro da kansa ya ke haɗa su, daga ruwa da iska da hasken rana da gishirin ƙasa.

Ya kamata mu san labarinsu, gama kusan kowace rana muna cin saiwa ko muna shan jiƙonta. Ga maganar da za mu riƙe tun daga fari: tsiro yana yin sinadaran nan saboda bukatar kansa ne. Akuya in ta ga kura sai ta gudu, in ta ji yunwa ta nemi wani makiyaya. Tsiro ba shi da ƙafa. Inda ya tsiro, nan zai ci, nan zai yi faɗa da magabtansa, nan kuma zai kira mai taimakonsa. Da sinadarai ya ke yin dukan wannan. In mun gane abin da tsiro ke nufi da su, za mu san yadda za mu more su ba tare da sun cuce mu ba.

1. Saiwa rumbu ce

Da damina ganye ya kan yi abinci fiye da abin da tsiro ke bukata a ranar. Ragowar sai a aika da ita ƙasa, a ajiye ta ta zama sitaci ko sukari, domin guzurin rani. Abin da ya sa rogo da dankali da karas su ke kumbura ke nan. Doya da citta da dankalin Turawa su ma ajiya ce, ko da ya ke masu ilmin tsire-tsire sun ce su kara ne da ya kwanta cikin ƙasa, ba ainihin saiwa ba.

Har sukarin shayi a kan samu daga saiwa. A 1747 wani Bajamushe mai suna Andreas Marggraf ya nuna cewa sukarin da ke cikin wata farar saiwa ta ƙasashen sanyi, wadda a ke kira bit, iri ɗaya ne da na rake. Yanzu wajen kashi ɗaya cikin biyar na sukarin duniya daga saiwan nan ya ke fitowa.

Launi ma yana da amfaninsa. Saiwar rawaya, wadda matanmu ke dakawa su sa a miya, ita ce ta ba launin rawaya sunansa. Jan launin da ke cikin karas da dankali mai jan ciki sunansa karotin. In ya shiga jiki ya kan zama bitamin A, wanda ke tsare ido daga dundumi. Uwar da ta zaɓa wa 'ya'yanta dankali mai jan ciki maimakon fari ta yi musu alheri.

2. Rumbu yana bukatar mai tsaro

Inda abinci ya ke, nan ɓarayi ke taruwa. A cikin ƙasa akwai gara da tsutsa da ɓera da gafiya, ga kuma aladen daji da birai masu tono. Don haka tsire-tsire da yawa su kan gauraya ajiyarsu da abu mai ɗaci ko mai dafi.

Wani lokaci saiwa ita ce maƙera inda a ke ƙera makamin dukan tsiron. Taba misali ce. Dafin da ke cikin ganyenta, watau nikotin, wanda ke kashe ƙwari, ya ke kuma kama mai shan taba ya kasa bari, a cikin saiwa a ke yinsa, sa'an nan ya hau zuwa ganye. An tabbatar da wannan a Amurka a 1942. Aka yi auren itace, aka ɗora kan tumatir bisa gindin taba, sai ga nikotin cikin ganyen tumatir. Da aka ɗora kan taba bisa gindin tumatir kuwa, sababbin ganyayen taban suka fito kusan babu nikotin.

3. Rogo, abinci mai makami

A nan za mu daɗe kaɗan, gama maganar ta shafi tukunyar kowane gida.

Asalin rogo daga Amurka ta Kudu ne. Mutanen Fotugal suka kawo shi Afirka daga Barazil a ƙarni na 16. Yau babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman rogo a duniya. Yana jimre fari, yana yi a ƙasar da ta gaji, a kan bar shi cikin ƙasa har ranar bukata. Ya ceci rayuka da yawa a shekarun yunwa.

Amma kowane rogo yana ɗauke da wani sinadari mai suna linamarin. Jikin rogo, kamar na kowane tsiro, ƙananan ɗakuna ne jere kamar saƙar zuma, waɗanda ido ba ya gani. Linamarin yana zaune cikin ɗakin. A jikin bangon ɗakin kuwa akwai wani sinadari dabam, wanda za mu iya kira mabuɗinsa. Muddin ba su gamu ba, babu abin da ke faruwa. Sa'ad da haƙorin ɓera ko na mutum ya fasa ɗakin, sai su gauraya, su haifi sayanayid, dafin da ke hana jiki amfani da iskar da ya shaƙa.

Ba dukan rogo ne ɗaya ba. Mai zaƙi, irin da mu ke dafawa mu ci da ƙuli, dafinsa kaɗan ne, ƙasa da miligiram 50 a kilo ɗaya na ɗanye, yawancinsa kuma a ɓawo ya ke. Mai ɗaci ya kan kai miligiram 400, dafin kuma ya ratsa dukan tsokar. Ma'aunin da hukumomin abinci da lafiya na duniya suka yarda da shi a garin rogo shi ne kada ya wuce miligiram 10 a kilo. Fari kuma ya kan ƙara wa rogo dafi. Manoma da yawa sun fi son mai ɗacin duk da haka, don birai da alade da ɓarayi ba su cika taɓa shi ba.

To, yaya a ke kwance masa makami? Dabarar ita ce a bar dafin ya fito tun rogon yana waje, kafin ya shiga ciki. Sayanayid ba ya jimre zafi. Ɗumin da bai kai na jikin mutum ba ya isa ya mai da shi tururi ya bi iska. Mai yin garin kwaki, sa'ad da ta fere rogo, ta goge shi, ta ɗaure shi cikin buhu kwana uku, ta matse ruwan, ta soya, abin da ta ke yi ke nan. Gugar ta fasa ɗakunan, kwanakin sun ba sinadaran biyu lokacin gamuwa, matsa da suya sun kori dafin. Mai yin alabo kuma ta kan jiƙa ferarren rogo cikin ruwa kwana uku zuwa biyar har ya yi laushi, ta zubar da ruwan, ta shanya ya bushe sarai. Mutanen Amurka ta Kudu sun san irin dabarun nan tun kafin zuwan Turawa.

Hatsarin yana zuwa ranar da aka gajarta aikin. Wanda ya ci rogo mai ɗaci da ba a gyara ba ya kan ji jiri da ciwon kai da amai cikin 'yan sa'o'i, numfashinsa ya yi sauri, wani ya suma, wani ya mutu. Yara su ne abin ya fi kayarwa. In aka ga haka, a kai mutum asibiti nan da nan, a kuma faɗa wa likita abin da ya ci.

Akwai kuma cutar da ke zuwa in an yi makonni ana cin irin rogon nan babu wani abinci. Sunanta konzo, watau ɗaurarrun ƙafafu a harshen Yaka na ƙasar Kwango. Wani likita ɗan Italiya mai suna Trolli ya fara rubuta labarinta a 1938. Yaro ya kan kwanta lafiya, ya tashi ƙafafunsa sun sandare, yana tafiya bisa yatsu, ko ya kasa tashi sam. Ba a ɗaukarta daga wani, amma in ta kama ba ta saki. A 1981, shekarar fari, ta kama mutum fiye da 1,000 a lardin Nampula na ƙasar Mozambik. An same ta kuma a Tanzaniya da Afirka ta Tsakiya da gabashin Kamaru. Labarin kusan ɗaya ne ko'ina. Fari ko yaƙi ya kawo yunwa, mata suka jiƙa rogo kwana ɗaya maimakon huɗu don yara suna kuka, babu wake babu kifi a gidan.

Maganar wake da kifi tana da dalili. Jiki yana iya kashe sayanayid kaɗan kaɗan, amma sai da taimakon wani abu da ya ke samu daga abinci mai gina jiki, irin su kifi, nama, ƙwai, wake da gyaɗa. Wanda ke cin rogo zalla, dafi yana shiga, abin kashe shi kuwa babu. A nan Nijeriya Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya bi diddigin wata cutar jijiya a ƙasar Yarbawa a shekarun 1960, mai sa tangaɗi da raunin gani da na ji, ya nuna tana tafiya tare da yawan cin rogon da bai gyaru ba. Inda kuma abinci ya rasa aidin, cin irin rogon nan ya kan ƙara maƙoƙo.

In muna shakkar garin alabon da muka saya, ga wata dabara mai sauƙi wadda wani masani na Ostareliya, Howard Bradbury, ya fito da ita wajen 2005. A kwaɓa garin da ruwa, a baza shi a faifai ko tire, kaurinsa kada ya wuce faɗin farce, a bar shi sa'a 5 a inuwa ko sa'a 2 a rana, sa'an nan a tuƙa. An gwada wannan a ƙauyukan Kwango, sabon kamun konzo ya tsaya. Sannu ba ta hana zuwa.

4. Magani da dafi gida ɗaya su ke

Abin da ke da ƙarfin kashe tsutsa yana da ƙarfin taɓa jikin mutum. In an auna shi daidai ya kan zama magani.

A ƙasar Indiya akwai wani ɗan itace da su ke kira sarfaganda. Shekaru aru aru masu maganinsu suna ba da saiwarsa ga masu taɓin hankali da marasa barci. A 1949 wani likita na birnin Bombai, Rustom Vakil, ya buga labarin yadda saiwan ke saukar da hawan jini. A 1952 masana na kamfanin Ciba a Suwizalan suka ware sinadarin da ke yin aikin, suka sa masa suna risafin. Yana cikin magungunan hawan jini na fari da suka yi aiki sosai. Ɗan'uwan itacen nan yana kurmin Afirka ta Yamma, Yarbawa suna ce da shi asofeyeje, aka yi ta tonon saiwarsa ana kai wa Turai. Daga baya aka ga risafin ya kan jawo kasala da baƙin ciki ga waɗansu, aka kuma sami waɗansu magunguna, don haka yanzu ba a cika ba da shi ba. Labarin ya nuna masu maganin gargajiya sun ga gaskiya. Abin da ɗakin bincike ya ƙara shi ne ma'auni, da sanin illa.

Ma'auni shi ne wuyar jiƙo. Ƙwayar asibiti, ta yau da ta gobe ƙarfinsu ɗaya. Saiwa kuwa ƙarfinta ya kan sāke bisa ga ƙasar da ta tsiro, da shekarun itacen, da lokacin da aka tono ta. Dunƙule ɗaya na rani ba daidai ya ke da dunƙule ɗaya na damina ba. Ku dubi sanya, wadda mu ke yi wa kirari uwar magunguna. In an kankare saiwarta a kan ji ƙanshi irin na man zafi, gama sinadari ɗaya ne ke cikinsu, dangin asfirin. Manoma a arewacin Gana su kan zuba garinta cikin hatsi don korar ƙwari. Amma saiwan nan in ta yi yawa a jiki tana kisa, ta kuwa kashe mata da suka yi matsi da ita.

Wata wuyar kuma ita ce saiwa in ta bushe ta kan yi kama da 'yar'uwarta. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Beljiyam, wani asibitin rage ƙiba ya ba mata ƙwayoyi da aka haɗa da saiwoyin ƙasar Sin. Wajen sayen kayan aka musanya wata saiwa da wata, domin sunayensu a harshen Sin sun yi kusa. Wadda aka sa bisa kuskure tana da sinadari mai cin ƙoda. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sai da wankin ƙoda ko dashe, waɗansu kuma suka kamu da ciwon daji na hanyar fitsari. Kama da wane ba wane ba ne. Dangin tsiron nan suna nan ƙasarmu. Mai yaɗon nan da a ke kira duman dutse ko madacin ƙasa yana cikinsu. Irin wannan dafi ba ya nuna kansa ran da aka sha. Sai bayan watanni ko shekaru, sa'ad da ba mai tunawa da jiƙon.

5. Saiwa tana kira

Aiki na uku shi ne ya fi ban mamaki. Saiwa ta kan tsiyayar da waɗansu sinadarai cikin ƙasa, su zama kamar kira.

Ku tuge gyaɗa ko wake ku duba, za ku ga ƙananan ƙuraje a jikin saiwar. Ba cuta ba ce. Saiwar ce ta aika da sinadari ta kira waɗansu ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa, suka shigo, ta gina musu ɗaki. Tana ba su sukari, su kuwa suna kamo naitirojin daga iska suna mai da shi taki, irin abin da mu ke saye cikin buhun yuriya. Masana biyu na Jamus, Hellriegel da Wilfarth, suka bayyana wannan a 1886. In kun fasa ƙurjin da farce kuka ga cikinsa ja-ja, yana aiki ke nan. Jan nan dangin abin da ke sa jininmu ja ne. Kakanninmu da su ke shuka wake tsakanin gero sun ga amfanin tun ba a san dalilin ba.

Dawa da gero da masara su ma suna kira. In ƙasa ta gaji, musamman in ta rasa sinadarin da ke cikin takin sufa, saiwarsu ta kan saki wani abu don ta kira waɗansu zarurruka masu rai, dangin naman kaza, waɗanda ke shiga ƙasa nesa su kawo mata abinci. Masana na Japan suka gano haka a 2005. Amma akwai mai saurare a ɓoye, shi ne ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. Gindi ɗaya nasa ya kan zubar da iri dubu goma-goma, ƙanana kamar ƙura, su kwanta cikin ƙasa shekara 10 ko fi. Ba su tsirowa sai sun ji kiran nan, gama shi ke shaida musu abinci yana kusa. Da sun ji sai su tsiro, su manne wa saiwar dawa, su yi ta shan ruwanta makonni kafin jan furensu ya fito. Shi ya sa ƙuduji ya fi yawa a gonar da ta gaji: dawa mai yunwa ta fi ɗaga murya.

Sanin wannan ya ba manomi dabara. An fara ware sinadarin kiran a 1966, daga saiwar auduga. Auduga tana ta da ƙudujin dawa daga barci, amma ba ya iya kama ta, sai ya mutu cikin 'yan kwanaki. Gyaɗa da waken soya ma haka. Gonar da ƙuduji ya cinye, in aka juya ta zuwa waɗannan, irinsa ya kan ragu shekara bisa shekara. A haɗa da taki, a kuma tuge duk wanda ya fito a ƙone shi kafin ya yi 'ya'ya.

6. Abin da za mu riƙe

A fere rogo kullum, kada a ci shi ɗanye. Mai zaƙi a dafa shi sosai a zubar da ruwan. Mai ɗaci dafuwa kaɗai ba ta isa ba, sai an jiƙa ko an goge an tsima shi cikakkun kwanakinsa. A yi suyar gari inda iska ke wucewa. Kada a bar yara ko awaki su sha ruwan da aka matse. A shekarar fari a ƙara kwanakin jiƙo, a kuma nemi ko ɗan wake ko ƙuli a haɗa.

Kada mu sha jiƙon saiwar da ba mu san itacenta ba, ko garin da mai talla ya ƙi faɗin abin da ke ciki. Mace mai ciki, da jariri, da mai ciwon ƙoda, su ne ya kamata a fi tsarewa. Wanda ke shan maganin asibiti ya gaya wa likita in yana shan jiƙo, in ya yiwu ya tafi da saiwar a gani. Ba abin kunya ba ne, sau da yawa kuwa shi ke nuna wa likita hanya.

Tambayoyi domin nazari

1. Waɗanne ayyuka ne sinadaran saiwa ke yi wa tsiro?
2. Me ya sa a ke barin gogaggen rogo cikin buhu kwanaki kafin a soya?
3. Don me konzo ta fi zuwa a lokacin fari da yaƙi?
4. Ina bambancin ƙwayar asibiti da jiƙon saiwa wajen ma'auni?
5. Yaya shuka auduga ko gyaɗa ke rage ƙuduji?
6. A garinku kwana nawa a ke jiƙa rogo? Ku tambayi tsofaffin mata, ku gwada amsarsu da abin da a ke yi yanzu.